Karatun psycho: daga ina sharuɗɗan lisans ɗin nan suka fito?



Duk shekara in sakamakon bak ya fito, aka gama guɗa da rabon goro, sai wata magana ta taso a gida: to, me yaro zai karanta? Kwanan baya wani dattijon unguwarmu ya tare ni bayan la'asar da takarda a hannu. Ɗiyarsa ta samu bak A4, ta ce ita psycho take so ta yi a Yamai. Ya ce mini: "Malam, duba mini wannan abu. Wai karatun mahaukata ne? Kuma an ce har da lissafi a ciki, ita da ta guje wa lissafi tun tana kwaleji." Na ce: "Baba, mu samu tabarma, maganar tana da tsawo." Abin da na gaya masa shi ne zan maimaita muku a nan, don na san ba shi kaɗai ke da wannan tambaya ba. Kowane darasi da ake ɗora wa ɗalibin ilimin halayyar ɗan Adam kafin a ba shi lisans yana da tarihinsa, kuma wanda ya san tarihin ya fi sanin yadda zai ɗauki kayan.

Tunani a kan zuciya da hankali ba yau aka fara shi ba. Abu Zaid al-Balkhi, malamin ƙasar Khurasan da ya rasu a 934, ya rubuta littafi a kan lafiyar jiki da ta rai, ya yi bayanin tsoro da fushi da baƙin ciki da waswasi, da yadda ake lallashin mai fama da su. A Turai ma ɗaruruwan shekaru wannan magana tana hannun masana falsafa. Abin da ya sauya a ƙarni na 19 shi ne wasu likitoci sun ce a daina zato, a koma ga awo.

A 1861, a birnin Paris, likita Paul Broca ya duba ƙwaƙwalwar wani majinyaci bayan rasuwarsa. Mutumin ya yi shekaru yana fahimtar abin da ake gaya masa, amma kalma guda tak yake iya furtawa. Broca ya tarar da lahani a wani wuri na gefen hagu na ƙwaƙwalwar. Daga nan aka gane magana tana da mazauni a cikin kai, kuma in mazaunin ya taɓu, magana ta taɓu. Kun ga dalilin da ya sa ɗalibin psycho, ko da daga seri A ya fito, dole ya zauna ya koyi ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. In ba haka ba, ranar da za a kawo masa tsohuwar da ta fara manta sunayen jikokinta, ko yaro mai farfaɗiya, zai yi ta hira da su alhali likita suke bukata.

A 1879 Wilhelm Wundt, wanda shi ma likitanci ya karanta, ya buɗe ɗakin gwaji a jami'ar Leipzig ta Jamus. Yawanci daga wannan shekara ake ƙirga haihuwar fannin a matsayin ilimi mai zaman kansa. Me suke yi a ɗakin? Suna auna tsawon lokacin da mutum ke ɗauka tsakanin jin ƙara da danna maɓalli, su sake gwadawa, su rubuta, su kwatanta mutum da mutum. To duk inda aka ce awo da kwatanci, lissafi ya shigo ke nan.

Faransa ta ƙara nata. Bayan dokar 1882 da ta tilasta wa kowane yaro shiga lakkwal, azuzuwa suka cika da yaran da ba su bin karatu. A 1905 Alfred Binet da Théodore Simon suka fitar da jerin tambayoyi na gano yaron da ke bukatar taimako na musamman. Amma kafin ka ce wannan yaro ɗan shekara 7 yana baya, sai ka san abin da yawancin ƴan shekara 7 ke iyawa, kuma ba ka sanin haka sai ka gwada yara da yawa ka fitar da matsakaici. Wannan shi ne asalin darasin ƙididdiga, wato istatistik, da ke kayar da ɗalibai da yawa a shekarar farko. Ba mugunta ce ta malamai ba. Shi ne mudun wannan sana'a, kuma ɗan kasuwar da bai san mudu ba, ko ya cuci mutane ko a cuce shi.

Ita kanta takardar lisans ta psycho ba ta tsufa sosai ba. A Faransa sai a 1947 aka kafa ta a jami'ar Sorbonne, da ƙoƙarin Daniel Lagache, mutumin da ya haɗa falsafa da likitanci. Tun daga ranar farko ƙafa biyu gare ta: wani sashe na darussan a tsangayar adabi, wani a tsangayar kimiyya. Wannan rabon shi muka gada. Shi ya sa za ka ga sashen yana zaune a tsangayar adabi da ilimin zamantakewa, kusa da tarihi da falsafa, amma in ka buɗe jadawalin darussa sai ka ci karo da ilimin halittu da lissafi.

Mu dawo gida. Ƴan Nijar na farko da suka yi karatun jami'a waje suka tafi, Dakar ko Abijan ko Faransa. Sai a 1971 aka buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai, wadda ba da jimawa ba ta zama jami'a, kuma a 1992 aka sa mata sunan Abdou Moumouni, ɗan Tasawa, masanin makamashin rana da ya taɓa shugabantarta. A can ƙetaren gulbi, a Harobanda, tsangayar adabi take, kuma a cikinta sashen psycho yake. Iyayenmu da yayyenmu da suka yi karatu a tsohon tsari sun san matakan: shekara 2 a samu DUEL ko DEUG, ta 3 lisans, ta 4 metiriz, sannan DEA ko DESS ga mai son ci gaba.

Wannan tsari ya sauya ne daga wata yarjejeniya da ministocin ƙasashen Turai 29 suka sa wa hannu a birnin Bologna na Italiya a watan Yunin 1999, don takardun jami'o'insu su zama iri guda. Daga nan aka samu LMD: lisans, masta, doktora. A 2007 ƙungiyar UEMOA ta umarci ƙasashenta su koma wannan tsari, Nijar ta bi sahu, kuma jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa da aka kafa a 2010 a cikinsa suka tashi.

Ga yadda lissafin yake, iyaye ku saurara da kyau. Lisans zango 6 ne, wato semestar 6 cikin shekara 3. Kowane zango kiredi 30, jimla 180. Kiredi guda awo ne na aikin ɗalibi, kamar awa 20 zuwa 25, har da karatun da yake yi shi kaɗai a ɗaki. An kasa darussa rukuni-rukuni, ana ce wa kowane rukuni UE, kuma sai ka samu 10 bisa 20 ake rubuta maka kiredinsa. Wanda ya faɗi yana da zama na biyu, ratarafaj. Alherin tsarin shi ne kiredin da ka ci ya zama naka, ba a ƙwace shi. Tarkonsa kuwa shi ne bashi. Yaro zai iya wucewa aji na gaba da UE guda ko biyu da bai ci ba, ya zo hutu ya ce "na wuce", gida a yi murna. Ya gama shekara ta 3, abokansa su karɓi takarda, shi kuma istatistik ɗin zangon farko tana nan tana jiransa. Kiredi 176 ba lisans ba ne. Saboda haka in ɗanka ya ce ya wuce, ka ce masa barka, sannan ka tambaye shi kiredi nawa ya ci cikin 60.

Wani abu kuma da ya kamata a sani tun kafin a biya kuɗin mota zuwa Yamai: lisans ba ta mai da mutum mai duba marasa lafiya. Shekara 3 na farko tushe ne: yadda yaro ke girma, yadda mutum ke koyo da mantuwa, halin mutum a cikin jama'a, cututtukan hankali, dabarun bincike. Ƙwarewa tana zuwa a masta, ƙarin shekara 2 da kiredi 120, da istaj a asibiti ko makaranta ko wata ma'aikata, da rubuta memuwar. A Faransa, inda tsarin ya samo asali, dokar 1985 ta hana kowa kiran kansa "psychologue" sai ya cika wannan dogon karatu. Kuma shi dabam ne da likitan ƙwaƙwalwa. Wancan likitanci ya karanta, shi ke rubuta magani. Wannan kuwa aikinsa sauraro da gwaji da shawara. Gidan da ya yi shirin shekara 3, ya sani hanyar ta shekara 5 ce, ban da abin da yajin aiki kan ƙara.

Saura sharaɗi guda da ba a ba shi kiredi, kuma shi ma yana da tarihi. A 1954, a Aro kusa da Abeokuta, likita Thomas Adeoye Lambo ya fara saukar da masu taɓin hankali a gidajen mutanen ƙauye, kowa da ɗan'uwansa a gefe, maimakon a kulle su. A asibitin Fann na Dakar, Henri Collomb da abokan aikinsa suka bi irin wannan hanya: majinyaci ya zo da mai jinya daga dangi, a riƙa zaman tattaunawa a tsakar asibiti kamar na dandalin gari, kuma a 1965 suka kafa mujallar Psychopathologie africaine. A nan ƙasar Maraɗi ma, Jacqueline Monfouga-Nicolas ta yi bincike a kan bori, littafinta ya fito a 1972. Duk abin da suka gano guda ne: ba ka fahimtar ciwon mutum sai ka san yadda shi da danginsa suke kiran ciwon. Abdou Moumouni kansa, a littafinsa na 1964 a kan ilimi a Afirka, ya dage cewa karatu ya tsaya a kan harsunanmu.

Ku ɗauki misali. Littafin da aka rubuta a Turai zai ce uwar da ba ta kiran sunan ɗanta, ba ta wasa da shi gaban mutane, akwai matsala tsakaninsu. Mu kuwa mun san ɗan fari ne, kunya ce, kuma wataƙila duk cikin ƴaƴanta babu wanda take so kamarsa. Yaron da ya sunkuyar da kai gaban babba, a takardar gwaji ana iya rubuta masa tsoro, alhali ladabi ne. Matar da baƙin ciki ya cinye ba za ta zo ta faɗi sunan cutar da ke cikin littafi ba. Cewa za ta yi jikinta ya mutu, kanta yana mata nauyi, barci ya ƙaurace mata. Ɗalibin da ya ci 16 bisa 20 da Faransanci amma bai iya zama ya saurari wannan mata da Hausa ko Zabarmanci ko Barbarci ba, karatunsa da saura.

Kuma masu bukatar a saurare su sun yi yawa. Tun hare-haren Bosso da Diffa na watan Fabrairun 2015, da ƴan gudun hijirar Sakkwato da Zamfara da Katsina da suka kwararo yankin Gidan Runji daga 2019, da mutanen Tillaberi da arewacin Tawa da suka bar garuruwansu, akwai yaran da suka ga abin da bai kamata yaro ya gani ba. Ana ba su hatsi da tanti, amma mai firgita cikin dare ba hatsi kaɗai yake bukata ba. Ga kuma ƴan lakkwal da ake kora don an ce daƙiƙai ne ba tare da an bincika ko ji ne ba su yi sosai, ga matasan da tramol ya kama. Duk aikin masu wannan karatu ne.

Da na kai nan, dattijon ya yi shiru, ya naɗe takardarsa. Ya ce: "To Malam, ashe lissafin ba makawa." Na ce: "Ba makawa, Baba. Ta nemo littafin lissafinta na lise tun yanzu, kafin a koma. In ta je, ta nemi dokar jarrabawa ta tsangaya ta karanta da kanta, kar ta dogara da ji-ta-ji-ta. In ta zo hutu kuma, ta riƙa zama wurin kakarta tana saurare." Ya yi dariya ya ce wannan na ƙarshe ya fi sauƙi, don tsohuwar ba ta gajiya da magana.

Wanda ya yi wannan karatu a cikinku, ko yake cikinsa yanzu, ya gaya wa ƙannensa darasin da ya fi ba shi wuya da yadda ya ci shi. Allah ya ba yaranmu sa'a, ya sa su amfani jama'a.