Kumbon da Aka So Turawa da Bama-bamai

A shekarar 1903 wani malamin makaranta mai larurar ji a garin Kaluga na ƙasar Rasha, Konstantin Tsiolkovsky, ya buga lissafin da har yau yake ɗaure ƙafar duk mai son barin duniyar nan. Lissafin ya nuna cewa gudun roka ya rataya ne a kan abu biyu: saurin hayaƙin da take fesarwa ta baya, da yawan man da ta ɗauka idan aka auna shi da nauyinta. Shi man kuma kaya ne, duk wanda aka ƙara sai an nemo wani man da zai ɗaga shi. Man roka mafi inganci, wato haɗin haidurojin da oksijin, hayaƙinsa ba ya wuce kusan kilomita 4.5 a daƙiƙa. Da shi aka je wata a 1969, amma sai da aka ƙera rokar Saturn V mai nauyin kusan tan 3,000 domin a cilla abin da bai kai tan 50 ba. Wata kuwa maƙwabci ne, haske yana isa can cikin daƙiƙa ɗaya da 'yan kai. Tauraron da ya fi kusa da ranarmu, Proxima Centauri, haske sai ya yi shekara huɗu da wata uku kafin ya isa. Kumbon Voyager 1, wanda aka harba a 1977 yake kuma cin kilomita 17 a daƙiƙa, da can ya nufa da sai ya haura shekara 70,000 a hanya.

Don haka tun da wuri masana suka gane cewa da man ƙonawa ba za a je taurari ba. Wanda ya fara kawo wata dabara mai kama da hauka shi ne Stanislaw Ulam, masanin lissafi ɗan asalin Poland da ke aiki a Los Alamos, inda aka ƙera bam ɗin nukiliya na farko. Jim kaɗan bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya yi tunanin cewa tunda babu injin da zai iya riƙe zafin nukiliya a cikinsa ba tare da ya narke ba, to a bar wutar a waje: a riƙa jefa bam a bayan kumbo, ya fashe, ƙarfin fashewar ya hankaɗa shi gaba. Wanda ya taɓa ganin yara sun kifa gwangwani a kan nokawut ya riga ya fahimci dabarar. A 1955 Ulam da abokin aikinsa Cornelius Everett suka rubuta rahoton sirri a kan haka. A waɗannan shekarun ma an rataye wasu dunƙulen ƙarfe kusa da inda ake gwajin bam, aka tsince su daga baya ba su narke ba, fatar samansu kawai ta ɗan zaizaye. Ashe wutar tana wucewa ne da saurin da zafin ba ya samun damar ratsa ƙarfen.

Takardar ta kwanta a durowa har ranar 4 ga Oktoba 1957, da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan Adam Sputnik. Hankalin Amurka ya tashi, bakin aljihun gwamnati ya buɗe ga duk mai shawara. A kamfanin General Atomic da ke San Diego, jihar Kalifoniya, Theodore Taylor ya ɗauko zancen. Taylor gwanin zana bam ne. Shi ya tsara bam ɗin Ivy King da aka gwada a 1952, shi ne kuma ya ƙware wajen ƙanƙanta bam har ya zama abin da mutum zai iya ɗauka. Ya jawo Freeman Dyson, masanin kimiyyar lissafi haifaffen Ingila, wanda ya ɗauki hutun shekara guda daga cibiyar bincikensa a Princeton ya koma can. A tsakiyar 1958 hukumar ARPA ta ma'aikatar tsaro ta ba su kwangilar kusan dala miliyan ɗaya. Suka raɗa wa aikin suna Orion.

Abin da suka zana bai yi kama da roka ba ko kaɗan. Kumbo ne mai nauyin tan 4,000, faɗinsa wajen mita 40, a gindinsa akwai faranti na ƙarfe mai nauyin tan 1,000. Ta wata kafa a tsakiyar farantin za a riƙa harbo ƙananan bama-bamai, kusan ɗaya a kowace daƙiƙa, su fashe a baya. An tsara kowane bam yadda zai tattara ƙarfinsa ya watsa narkakken abu zuwa ga farantin maimakon ya tarwatse ta ko'ina. Kafin kowane bugu za a fesa wa farantin mai domin kada ya cinye. Tsakanin farantin da ɗakunan mutane kuma akwai shokazoba hawa biyu, jakunkunan iska da dogayen sanduna, waɗanda za su mayar da mugun duka ya zama turi mai sauƙin da jikin mutum zai jure. Kusan bam 800 za a ƙona kafin a fita daga iskar duniya a shiga falaki.

Abin da ya fi burge su shi ne yadda lissafin Tsiolkovsky ya juya ya goyi bayansu. Injiniyan roka yana faɗa da kowane giram, shi kuwa Orion girma ne ke taimakonsa, domin ƙaramin bam ya fi ɓarnar sinadari mai tsada, babban kumbo kuma ya fi jure duka. Sai suka yi niyyar gina shi da baƙin ƙarfe yadda ake gina jirgin ruwa, ba da siraran ƙarafan jirgin sama ba, uwar kamfaninsu General Dynamics kuwa dama ita ta ƙera Nautilus, jirgin ƙarƙashin teku na farko mai aiki da nukiliya. A takarda har sun zana samfuri mai tan miliyan takwas, wanda gari ne sukutum. Takensu shi ne Mars a 1965, Saturn a 1970. Kuma ba wasu za su aika ba, su da kansu suke shirin tafiya. Dyson ya ƙwallafa rai a kan Enceladus, wani ƙaramin wata na Saturn, domin ya yi hasashen akwai ƙanƙara a can da za su ɗiba su yi guzurin dawowa. A 2005 kumbon Cassini ya hango ruwa yana tsartuwa daga kudancin wannan watan.

An yi gwaji na zahiri, amma da nakiya ta gargajiya. A Point Loma, bakin teku kusa da San Diego, suka yi ta harhaɗa ƙananan samfura suna tarwatsewa, har ranar 14 ga Nuwamba 1959 da wani samfuri mai faɗin mita ɗaya ya tashi da bugun nakiyoyi a jere, ya kai tsayin mita 56, ya sauko da laima bai karye ba. Yana hannun gidan tarihin Smithsonian yanzu. Wannan shi ne iyakar tsayin da Orion ya taɓa kaiwa.

Tun ba a je ko'ina ba aikin ya zama maraya. Da aka kafa hukumar sararin samaniya ta NASA a 1958 aka raba gado: ayyukan farar hula nata, na yaƙi na rundunar sojin sama. NASA ba ta son a ga hannunta a kan bam, ta kuma riga ta zuba jarinta a rokokin Wernher von Braun. Sojin sama suka karɓi Orion, amma doka ba ta yarda su kashe kuɗi a kan yawon buɗe ido zuwa Saturn ba, dole a ƙirƙiro masa amfanin soja, abin da ya ƙara ɓata masa suna. Von Braun ya nuna sha'awa daga baya, aka zana ƙaramin Orion mai faɗin mita 10 da za a ɗora a kan Saturn V, kada a kunna shi sai an fita sama. Wannan ma bai wuce takarda ba.

Ba a nan gizo yake saƙar ba. Duk tashin Orion daga ƙasa yana nufin fasa ɗaruruwan bama-bamai a cikin iskar da kowa ke shaƙa. Dyson da kansa ya yi lissafin, ya samu cewa burbushin kowane tashi guda zai iya jawo mutuwar abin da ya kai mutum ɗaya ta ciwon daji a wani wuri a duniya, mutumin da ba a san shi ba, ba a kuma nemi izininsa ba. Sun sa rai za a ƙera bam mai tsabta, ba a samu ba. Duniya kuwa a lokacin ta gaji da ƙurar gwaje-gwaje. A Amurka an gano sinadarin sitironshiyam a haƙoran yara. A nahiyarmu, Faransa ta fasa bam ɗinta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, ranar 13 ga Fabrairu 1960, a tsakiyar lokacin da iskar hunturu ke kaɗowa kudu. Gana ta riƙe kadarorin Faransa, Najeriya kuma, bayan gwaji na uku a ƙarshen Disamba, ta kori jakadan Faransa a Janairu 1961 a zamanin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa. Irin wannan fushin, daga ƙasashe da yawa, shi ya taimaka aka kai ga yarjejeniyar da Amurka da Birtaniya da Tarayyar Sobiyet suka sa wa hannu a Mosko ranar 5 ga Agusta 1963, wadda ta haramta gwajin nukiliya a iska da cikin ruwa da sararin samaniya. Dyson ya goyi bayanta a gaban majalisar dattawan Amurka, yana sane da cewa ita ce likkafanin kumbonsa. A ganina nan ne ya fi cancantar yabo a duk labarin. An rufe aikin a 1965, bayan an kashe kusan dala miliyan 11. Taylor ya ƙare rayuwarsa yana fafutukar a kawar da makaman da ya ƙware a kansu.

Dyson bai bar lissafi ba. A 1968 ya buga maƙala a mujallar Physics Today inda ya faɗaɗa Orion zuwa jirgin taurari: tan 400,000, ɗauke da bam ɗin haidurojin 300,000, gudun kilomita 10,000 a daƙiƙa, tafiyar kusan shekara 130 zuwa Alpha Centauri, maƙwabcin Proxima Centauri. Waɗanda za su shiga ba su ne za su isa ba, jikokinsu ne.

Daga nan zancen ya rabu gida biyu. Masu son ƙaura suka rage dogon buri suka dawo kusa. Gerard O'Neill, malami a Jami'ar Princeton, ya tambayi ɗalibansa a 1969 ko doron wata duniya ne wurin da ya fi dacewa da al'umma mai masana'antu, ko kuwa sararin kansa. Amsar ta zama maƙala a 1974 da littafin The High Frontier a 1976: manyan gangunan ƙarfe masu juyawa domin su samar da nauyi, a gina su da ƙasar wata, na farkon ya ɗauki mutum 10,000. Dyson ya auna wannan da ƙaurorin da aka yi a tarihi. A lissafinsa, kowane iyali cikin Turawan da suka shiga jirgin Mayflower a 1620 ya biya abin da ya kai ladan aikin shekara bakwai da rabi, mabiya ɗarikar Mormon da suka nufi Utah a 1847 shekara biyu da rabi, amma garin O'Neill zai ci ladan shekara 1,500 a kan kowane iyali. Ma'ana talakawa masu neman sabon wuri ba za su iya ba, sai gwamnati. Kwatancen ma yana da rauni ta wani gefen, domin mutanen Mayflower sun tarar da iska da ruwa kyauta, sun kuma tarar da 'yan ƙasa, Wampanoag, waɗanda suka koya musu noman masara, aka kuma saka musu da ƙwace ƙasa.

Masu son taurari su kuma suka sauke fasinja. Daga 1973 zuwa 1978 wasu injiniyoyi 'yan sa-kai na Ƙungiyar Binciken Duniyoyi ta Birtaniya, ƙarƙashin Alan Bond, suka zana Daedalus. Jikan Orion ne: maimakon bam, ƙananan ƙwayoyin mai 250 za a riƙa fasawa a kowace daƙiƙa ta hanyar haɗe ƙwayoyin zarra, irin abin da ke faruwa a cikin rana. Nauyinsa tan 54,000, 50,000 a ciki mai ne, wani sashen man kuma, wato hiliyam-3, sai an je iskar Jupiter an tato shi. Zai kai kashi 12 cikin ɗari na gudun haske, ya isa tauraron Barnard, mai nisan kusan shekarar haske shida, cikin shekara 50. Babu mutum a ciki, babu kuma birki. Zai wuce ta gaban tauraron cikin 'yan kwanaki yana ɗaukar bayanai. Sun zaɓi Barnard ne saboda masanin taurari Peter van de Kamp ya ce ya gano manyan duniyoyi a kewayensa, aka gane daga baya cewa matsalar madubin hangensa ce. Sai a 2024 aka tabbatar da wata ƙaramar duniya a wurin, mai zafin da ba a zama.

Mataki na gaba shi ne barin man ma a gida. Robert Forward ya yi bayani a 1984 kan tanti mai sheƙi da za a tura da hasken leza daga nan, Japan kuma ta nuna a 2010, da kumbonta IKAROS, cewa hasken rana kaɗai yana iya tura irin wannan tantin. A Afrilu 2016 attajirin nan Yuri Milner, tare da Stephen Hawking, ya sanar da shirin Breakthrough Starshot da alƙawarin dala miliyan 100 na bincike: na'urori masu nauyin giram kaɗan, kowace da tantinta na 'yan mitoci, leza mai ƙarfin gigawat 100 ta hankaɗa su cikin mintuna zuwa kashi ɗaya cikin biyar na gudun haske, su isa Alpha Centauri cikin shekara 20. Wata huɗu bayan sanarwar aka gano duniya mai kusan girman tamu tana kewaya Proxima Centauri. Kumbon Taylor an zana shi da ɗakunan kwana da wurin cin abinci, wannan kuwa bai fi ɗan katin waya ba. Har yanzu ba a gina lezar ba, ba a samu abin saƙa tantin da zai jure wannan hasken bai ƙone ba, ba a kuma warware yadda na'ura mai ƙarfin batirin agogo za ta aiko hoto daga nisan kilomita tiriliyan 40 ba.