Jaje daga nesa da tsohon aikin ɗan cin rani

Duk shekarar da ruwan marka ya rushe gidaje a Dutsin-Ma ko Kurfi, wayoyin 'yan garin mazauna Legas, Abuja da Kaduna ba sa hutawa. Wani ya kwana yana neman layin mahaifiyarsa, wani ya ga hoton unguwarsu a WhatsApp ya kasa gane ƙofar gidansu. Daga nan sai jaje, a yi ta "Allah ya mayar da alheri", sai kuma karo-karo. Wannan zumunci ne na gaske, amma tarihin yankin ya nuna cewa a da gudummawar matafiyi takan riga ruwa isowa gida, kuma wannan ne abin da muka yi sakaci da shi.

Cin rani yana da ƙa'idarsa. Bayan kaka magidanci ya kama hanyar Kano ko Kurmi, da bazara ya dawo, domin gona ba ta jira. A dawowar nan ake yaɓen katanga da soro, a sa makuba ko laso, a gyara indararo, mai unguwa ya kira gayya a yashe hanyar ruwa har zuwa kududdufi, ramin da aka haƙi ƙasar gini ya zama matattarar ruwan unguwa. Farin 1973 da na 1984 sun sa da yawa daga cikin masu tafiya sun zauna birni dindindin. Ita kuwa Dutsin-Ma sai ta bunƙasa: ƙaramar hukuma a 1976, madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaduwa a 1983, jami'ar tarayya a 2011. Fili ya yi daraja, kuma kamar sauran garuruwan Hausa, inda fili ya yi tsada kududdufi ake fara cikewa a yi gini a kai. Masu gayya sun ragu, ruwa ya rasa inda zai kwanta.

Za a ce gina magudanai aikin gwamnati ne, kuma ruwan yanzu ya fi ƙarfin fartanya da kwando. Akwai gaskiya a nan. Ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018, wadda ta kashe sama da mutum 40 cikin dare ɗaya, ba gayya ce za ta tare ta ba, kuma wajibi ne na nesa su matsa wa hukuma lamba. Sai dai yawancin gidajen da ke faɗuwa kowace damina, toshewar kwata da jiƙewar gindin katanga ne ke kada su, kuma wannan bai fi ƙarfin unguwa ba. Saboda haka ƙungiyoyin 'yan gari na nesa su mayar da karo-karonsu watan Afrilu, su haɗa kai da masu unguwannin ƙasar Yandaka da ta Maradin Katsina, wato Dutsin-Ma da Kurfi, a biya matasa su yashe kwatoci, a kare kududdufan da suka rage. Kuɗin buhun shinkafar jaje ɗaya zai iya tsayar da katangar da ta sa ake jajen.