Giyar Waliyyi Tomas: kyautar sarakunan Faransa ga ruhubanawan Kantabari

“Giyar Waliyyi Tomas” shi ne sunan wata kyautar shekara-shekara da sarakunan Faransa suka riƙa bai wa ruhubanawan babban cocin Kantabari a Ingila tun daga 1179.

Asalinta jinya ce. A shekarar, Filib, magajin Sarki Luwis na Bakwai, ya ɓata a daji wurin farauta, ya dawo ya kwanta magashiyyan ana dab da naɗa shi. Hankalin uban ya tashi, domin shi kaɗai ne ɗansa namiji. A watan Agusta ya ƙetare teku, Sarki Henri na Biyu ya tarbe shi a Doba, ya raka shi kabarin Tomas Beket, babban limamin Kantabari da aka kashe cikin cocinsa a 1170. Luwis ya san mamacin, don shi ya ba shi mafaka lokacin da ya yi gudun hijira daga fushin Henri. A wannan ziyara ya ba da kofin zinariya da wani dutse mai daraja, ya kuma yi alkawarin awo ɗari na giyar inabi kowace shekara, da ma'aunin da Faransawa ke kira muid. Filib ya warke, aka naɗa shi a watan Nuwamba, kuma da ya gaji mahaifinsa a 1180 ya tabbatar da kyautar.

Ana karɓar giyar ne daga gonakin inabi na yankin Poissy da Triel, a gaɓar kogin Seine kusa da Paris, cikin kason da manoma ke biyan sarki. Abin lura, ruhubanawan ba su cika shan ta ba. Giyar yankin ba ta da inganci sosai, jigilarta kuma na da tsada, saboda haka wakilinsu kan sayar da ita a can ya aiko da kuɗin. Abin da ya soma da sunan sadaka ya zama hanyar samun kuɗin shiga, da lissafinsa da rigingimunsa.

Yaƙi ne babban abin da ya riƙa katse ta. Duk lokacin da ƙasashen biyu suka ɓata, kyautar takan tsaya, kuma Yaƙin Shekara Ɗari da ya ɓarke a 1337 ya hana ta gudana na dogon zamani. Ruhubanawan ba su haƙura ba: sun yi ta aika koke ga sarakunan Faransa, suna kafa hujja da takardar Luwis, har Luwis na Goma Sha Ɗaya ya sabunta ta a ƙarni na 15.

A 1538 Sarki Henri na Takwas ya rushe hubbaren Beket ya kwashe dukiyarsa, a 1540 kuma aka rufe gidan ruhubanawan.