Jupitar a Rom: Almarar Mawaƙa da Almarar Mulki

A cikin wannan ɗan nazari muna so mu duba yadda almarorin Jupitar, babban abin bautar Romawa, mai sama da tsawa, suka shiga cikin al'adun birnin Rom. Sunansa dai tsoho ne ƙwarai. Masana ilimin harsuna sun nuna cewa tushensa ɗaya da Zeyus na Girkawa da Diyaus na tsohuwar Indiya, ma'anarsa kuwa uba na sararin sama mai haske. Ranar Alhamis ma, wadda ake kira jeudi da faransanci, daga sunansa ta fito.

Abin da muka lura da shi shi ne almarorinsa iri biyu ne, kuma nauyinsu ba ɗaya ba. Iri na farko aro ne daga Girkawa: Jupitar mai rikiɗa ya zama bijimi ya sace Yuropa, ko ya zama ruwan zinariya ya sauko ma Danaye. Waɗannan sun cika waƙoƙin Obid da zane-zanen bangon gidajen Pompeyi. A cikin wani wasan kwaikwayo na Terans da aka nuna a shekara ta 161 kafin Miladiyya (K.M.), wani saurayi ya ga zanen Danaye, sai ya kafa hujja da shi don aikata ɓarna. Bayan ƙarni biyar da ƴan kai, Ogustin na Hippo, wato Annaba ta Aljeriya, ya ɗauko wannan misali don sukar addinin Romawa. Amma a ganinmu wannan iri ya tsaya ne ga adabi da ado.

Iri na biyu na Romawa ne na kansu, kuma shi ne ya taɓa mulki. Georges Dumézil, a littafinsa na 1966 a kan tsohon addinin Rom, ya nuna cewa Romawa sun mayar da almara tarihi. Jupitar nasu ba shi da labarin ƙuruciya ko na soyayya. Ana ganinsa ne kawai inda yake hulɗa da sarakunan farko.

Mu ɗauki labarin Numa, sarki na biyu. An ce ya nemi Jupitar ya gaya masa abin da za a miƙa in tsawa ta faɗi. Jupitar ya buƙaci kai, Numa ya yi wuf ya ce na albasa. Ya ce na mutum, Numa ya ce gashinsa. Ya ce rai yake so, Numa ya ce na kifi. Jupitar ya yi dariya ya amince. Wannan ciniki ya bayyana halin ibadar Romawa sarai: yarjejeniya ce, kalma ita ke ɗaure mutum da abin bautarsa, wanda ya yi tuntuɓen harshe a cikin addu'a sai ya sake daga farko. An ƙara da cewa garkuwa ta faɗo daga sama alamar mulki, Numa ya sa aka ƙera goma sha ɗaya irinta don kada ɓarawo ya gane ta asali, kuma kowane watan Maris ana fitowa da su cikin gari da rawa.

Labarin Romulus ya fi wannan nuna abin da muke nufi. Marubucin tarihi Libiyus, wanda muka fi sani da Tite-Live, ya ce Romulus ya kashe Akron sarkin Kenina da hannunsa, ya kai makamansa ga Jupitar a kan tudun Kapitol. Daga nan aka ce duk jagoran da ya kashe jagoran abokan gaba gaba da gaba, shi ma ya kai irin wannan ganima. Bayan Romulus mutum biyu kaɗai aka san sun yi haka: Kosus a ƙarni na 5 K.M., da Marselus a 222 K.M. To, a shekara ta 29 K.M. sai Krasus, jikan mashahurin attajirin nan, ya kashe Deldo sarkin Bastarnawa da hannunsa, amma bai kai ganimar ba. A wannan zamani ne Ogusta, wanda mulkin Rom ya riga ya koma hannunsa, ya ce shi da idonsa ya karanta a jikin rigar yaƙin Kosus cewa Kosus kwansul ne sa'ad da ya yi tasa bajintar, wato mai cikakken iko. Libiyus ya rubuta wannan magana duk da ta saɓa ma abin da ya tarar wurin magabata. Masana tarihi da yawa suna ganin an fito da ita ne don a toshe ma Krasus hanya, kuma mu ma nan muka karkata, domin rigar lilin da ta yi shekara wajen 400 ana karanta rubutunta abu ne mai wuyar yarda. Ko ma yaya ne, ga almara ta zama abin da ake yanke hukunci da shi tsakanin manyan ƙasa.

Sauran abin sananne ne. Bisa al'ada, an buɗe babban ɗakin bautarsa na Kapitol ran 13 ga Satumba 509 K.M., shekarar da aka kafa jamhuriya. Can sababbin kwansul ke fara yanka fararen bijimai ranar kama aiki. Can ne kuma jagoran da ya ci yaƙi ke ƙare zagayensa, a bisa keken doki huɗu, sanye da tufafin Jupitar, fuskarsa shafe da jan launi irin na gunkin, ya hau tudu ya ajiye ganyen nasara a cinyar abin bautar.