Zinariya, Daji da Sana'a a Ƙasar Birnin Gwari

Birnin Gwari tana yamma da Kaduna, tafiyar kilomita wajen 120, a kan hanyar motar da ta bi ta Tegina ta yi kudu. Allah ya albarkaci ƙasar da daji mai yalwa, da ƙasar noma, da zinariya. Amma wanda ya dubi tarihinta na shekara ɗari da suka wuce zai ga abu guda: duk sa'ad da sabon aiki ya zo, wanda ya riga ya koya shi ke cin moriyarsa, wanda bai koya ba kuwa sai ɗaukar kaya.

A zamanin da, Gwarawa da Kamukawa da Hausawa da Filanin ƙasar kowa na da abin yi. Akwai noma da kiwo, da farauta, da ƙira, da saƙa, da ginin tukwane, da ɗiban zuma. Yaro yakan tashi a gindin ubansa, ya fara da zuga, kafin ya kai ga riƙe masaba. Abin da uba ya sani ya ishi ɗa har tsufansa, domin aikin bai sake ba.

Da Turawa suka zo sai al'amari ya juya. An fara haƙar zinariya a Nijeriya ta hanyarsu a shekarar 1913, aikin kuwa ya kai ƙarfinsa bayan 1930. Tsohon Birnin Gwari da Kwaga suna cikin wuraren da aka haƙa. A ma'adinan Arewa na lokacin, akawu da makaniki da mai awon ƙasa galibi baƙi ne waɗanda suka yi makaranta a wani wuri. 'Yan ƙasa su ne leburori, masu diga da kwano. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya tsananta sai aka koma neman kuza, aka riƙa kwasar mutane daga lardunan Arewa zuwa Jos, abin da ake kira ɗiban gwamna. Ramukan zinariya suka mutu, lebura ya koma gida ba sana'a a hannu.

Daji ma haka. A shekarar 1936 aka keɓe dajin Kamuku ya zama gandun daji na En'e, a shekarar 1999 kuma Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi, ta mai da shi gandun ƙasa. Maharbi ya fi kowa sanin sawun giwa da gwanki, amma aikin malamin daji yana bukatar karatu da rubutu da lissafi, har da zana taswira. Saboda haka sanin maharbi bai kai shi ga albashi ba, ga shi kuma doka ta hana shi farauta a ciki.

Shugabannin Jihar Arewa sun lura da wannan ciwo. Shi ya sa suka tashi Yaƙi da Jahilci, don babba ma ya iya karanta takardarsa da kansa. A shekarar 1956 aka buɗe makarantar koyon aikin hannu da injuna a Kaduna, wadda ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha a 1968. A 1977 kuma aka kafa hukumar kula da ilmin sana'a ta ƙasa, hedkwatarta a Kaduna. Sai dai waɗannan duka a birni suke, ɗan ƙauyen da bai gama firamare ba bai san ƙofarsu ba.

Da zinariya ta sake yin daraja, samari suka koma tsofaffin ramuka da diga da shebur, ba wanda ya koya musu yadda ake tokare rami ko yadda ake tsare kai daga guba. Abin da ya faru a maƙwabta ya isa ishara. A shekarar 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, an riƙa niƙa dutsen zinariya cikin gidaje, ƙurarsa kuwa tana da gubar dalma, yara wajen 400 suka rasu. Bayan wannan 'yan bindiga suka mamaye dajin Birnin Gwari, gonaki suka zama kufai, makarantu da yawa suka rufe, yara suka girma ba boko ba sana'a.

A ƙarshen shekarar 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari aka yi sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu bayan ta daɗe a rufe. A 2025 kuma aka buɗe makarantun koyon sana'a guda uku, a Rigachikun da Soba da Samarun Kataf. To, ƙasar tana bukatar masu walda, da masu gyaran injin ban ruwa, da masu haɗa wutar hasken rana, da malaman dabbobi, da masu haƙar ma'adini bisa ilmi. In ba a koya wa 'yan ƙasa ba, baƙi za su sake zuwa su yi, kamar yadda aka yi a zamanin Turawa.

Hausawa sun ce sana'a sa'a, kuma tun ran gini ran zane. Wanda ya fita ajin Yaƙi da Jahilci ya riga ya sami mabuɗi. Saura ya kai ɗansa da ƙanensa inda za su koyi aikin gobe tun bai iso ba. Allah ya zaunar da ƙasar lafiya, amin.