Hanci da Agogo: Tarihin Bin Sawu a Gasar Karnukan Farautar Rakun a Amurka

1.0 Gabatarwa

A kudancin ƙasar Amurka da tsakiyarta akwai wata al'ada ta farautar dare wadda ba a faye jin labarinta a waje ba, watau farautar dabbar da ake kira rakun da taimakon wasu karnuka da aka yi shekaru aru-aru ana kiwonsu domin wannan aiki. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bi tarihin baiwar bin sawu ta waɗannan karnuka, tun daga zamanin da ake farautar don nama da fata, har zuwa sa'ad da ta rikiɗe ta zama gasa mai alƙali da maki da agogo. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, ƙa'idojin da aka shimfiɗa don a auna gwanintar kare su ne suka dawo suka sake wa gwanintar kama. Wannan kuwa batu ne da ya shafi duk mai nazarin al'adu, domin sana'o'in gargajiya da yawa sun bi wannan hanya daga bukata zuwa wasa.

Tun da yake Hausa ta rarrabe ƙamshi da wari da ɗoyi da ƙauri, ya kamata a faɗa tun daga farko cewa a wannan maƙala an yi amfani da kalmar "wari" da ma'anar duk abin da dabba ta bari a bayanta wanda hancin kare yake iya kamawa.

2.0 Dabbar da Asalin Karnukan

Rakun dabba ce 'yar asalin Amurka ta Arewa. Ta ɗara kyanwa girma, tana da baƙin zane a idanu kamar ta sa kwalli, da jela mai zobe-zobe. Da dare take kiwo, galibi a bakin rafi, tana cin kwaɗi da ƙaguwa da 'ya'yan itace, kuma takan yi wa manoma ɓarnar masara. Sunan ya samo asali ne daga harshen Fowatan na mutanen da Turawa suka tarar a Bajiniya, kuma John Smith, ɗaya daga cikin shugabannin garin Jamestown da aka kafa a 1607, yana cikin waɗanda suka fara rubuta shi.

Karnukan kuwa baƙi ne. A 1650 Robert Brooke ya sauka a Merilan daga Ingila tare da karnukansa na farauta, a 1785 kuma Lafayette ya aika wa George Washington kyautar karnukan Faransa. Karnukan Ingila an saba da su ne wajen korar yanyawa a fili da rana, mahaya na biye, ita kuwa yanyawa in ta matsu rami take faɗawa. Rakun bishiya take hawa. Da zarar ta hau, sai karen Ingila ya ruɗe, ya yi ta kewaye yana neman sawun da ya ƙare. Saboda haka sai mazauna karkara suka shiga zaɓen karnukan da kan tsaya a gindin bishiya su yi ta haushi har maigida ya iso, suna haɗa su barbara da junansu, wani lokaci kuma su surka da jinin karen Bloodhound don ƙarin ƙarfin hanci.

Ya kamata a lura cewa wannan farauta ba ta masu mulki ba ce. Talakawan manoma ne suka riƙe ta, da kuma bayi baƙar fata, waɗanda rana ta ubangijinsu ce, dare ne kaɗai nasu. Ƙasusuwan rakun da masu binciken kufai suka tono a matsugunan bayi sun tabbatar da matsayinta a tukunyarsu. Ga irin waɗannan mutane, karen kirki shi ne wanda ba a dawowa da shi hannu rabbana, ko da zai kai asuba yana warware sawu ɗaya.

3.0 Yadda Kare Yake Bin Sawu

Masana sun ƙiyasta cewa ƙwayoyin jin wari da ke hancin kare sun haura miliyan 200, alhali na ɗan Adam ba su wuce 'yan miliyoyi ba. Kare mai bincike yakan shaƙi iska kamar sau biyar a daƙiƙa guda. A 2005 Hepper da Wells na Jami'ar Queen's da ke Belfast sun nuna cewa horarren kare yana iya gane inda sawun mutum ya dosa daga taku biyar kacal, ta hanyar kwatanta ƙarfin warin wani taku da na wanda ke biye da shi. Wannan yana da muhimmanci, domin kama wari dabam, sanin gabansa da bayansa dabam. Karen da ya juya sawu, ya nufi inda dabba ta fito, ya yi aikin banza.

Har ila yau, wari ba ya zama yadda yake. Raɓa da sanyin dare da damshin ƙasa suna riƙe shi, zafi da iska da fari suna kwashe shi. Daga nan ne mafarauta suka raba karnuka gida biyu. Akwai mai sanyin hanci, watau wanda yake iya ɗaukar tsohon sawu da ya yi awoyi, ya bi shi sannu a hankali. Akwai kuma mai zafin hanci, wanda kan tsallake tsohon sawu ya nemi sabo, ya bi shi a guje. Ita ma rakun ba kanwar lasa ba ce. Takan bi ta cikin ruwa, takan taka gungumen da ya faɗi, takan kuma taɓa gindin wata bishiya ta sauka ta wuce, ta bar kare mai gaggawa yana yi wa itace haushi a wofi.

Duk wannan aiki a cikin duhu ake yinsa, saboda haka da kunne mafarauci yake ganin karensa. Kare yakan yi dogon kuka in yana kan sawu, ya sauya murya in ya gano bishiyar, sa'an nan ya koma gajeren haushi a jere ba tsayawa. Gogaggen mafarauci yana iya faɗin tsufan sawu daga tazarar da ke tsakanin kuka da kuka.

4.0 Rajista da Rarrabuwar Iri

A 1898 Chauncey Z. Bennett ya kafa ƙungiyar United Kennel Club a Kalamazoo ta Jihar Mishigan, ita ce kuwa ta zama uwar rajistar waɗannan karnuka. Ta karɓi irin Black and Tan a 1900, da Redbone a 1902, da English a 1905. Daga cikin English aka ware Treeing Walker a 1945, aka ware Bluetick a 1946. A wannan shekara kuma aka yi wa Plott rajista, wanda shi asalinsa dabam ne, daga karnukan da iyalin Plott suka zo da su Karolina ta Arewa daga Jamus a 1750.

Rabuwar nan ta 1945 da 1946 ita ce ta fito da saɓanin a fili. Masu Bluetick sun ware ne don su tsare babban karensu mai sanyin hanci da nutsuwa, ganin cewa kiwon English ya karkata ga sauri. Su kuwa masu Treeing Walker saurin suke nema. Karensu ya fito ne daga karnukan yanyawa na John W. Walker da George Washington Maupin na Jihar Kentaki, waɗanda, bisa ga riwayar masu kiwo, wajen 1852 aka surka su da jinin wani kare mai tsananin gudu da aka sato daga Tenesi, ana kiransa Tennessee Lead.

5.0 Daga Farauta zuwa Gasa

Gasar farko da ta yi tashe, a shekarun 1920, ta rana ce. Akan ja buhu mai warin rakun a ƙasa zuwa gindin wata bishiya, a saki karnuka, a ba da kyauta ga wanda ya fara ƙetare layi da wanda ya fara haushi a bishiyar. Aibin wannan tsari bai daɗe ba ya bayyana. Warin buhu sabo ne, mai kauri ne, kuma ba ya yin dabara, don haka ƙafa ake aunawa, har wasu suka riƙa surka karnukansu da jinin karnukan tsere. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai aka koma ga gasar dare a daji, inda ake bin rakun na gaskiya, kuma ta kafu sosai a shekarun 1950. Daga cikin manyan tarukanta akwai Autumn Oaks, wanda aka fara a 1960, ake kuma yinsa a Richmond ta Jihar Indiyana, da Grand American da ake yi a watan Janairu a Orangeburg ta Karolina ta Kudu.

Ga yadda tsarin yake a ƙa'idar United Kennel Club. Ana raba karnuka rukuni-rukuni, huɗu a kowane, a sake su tare na wani ƙayyadadden lokaci da ba ya wuce awa biyu. Ba a ɗaukar bindiga, ba a kuma kashe dabbar. Mai kare shi ne zai shaida muryar karensa ya sanar da alƙali. Wanda ya fara buɗe baki a kan sawu yana da maki 100, na biyu 75, na uku 50, na huɗu 25. Wanda ya fara tsayawa a bishiya yana da 125, sauran kuma 75 da 50 da 25. Amma makin ba ya tabbata sai an je an haska bishiyar da fitila, domin gani ya kori ji. In an ga rakun, makin ya zama riba. In ta tabbata babu kome, ya zama bashi a kan karen. In kuwa bishiyar tana da kogo ko ganye mai duhu, sai a kewaye makin da da'ira, ba riba ba hasara. Ana hukunta karen da ya bar sawu, ko ya bi barewa, ana kuma korar mai faɗa da wanda ke bin sawu shiru.

6.0 Tasirin Ƙa'ida a kan Hanci

A zahiri wannan tsari ya fi na buhu adalci, domin yana saka wa gaskiya, yana hukunta ƙarya. Sai dai akwai agogo. Mu ɗauka kare mai sanyin hanci ya shafe minti 45 a kan tsohon sawu, ya kai shi bishiya, aka ga rakun. Iyakar abin da zai samu 225. A cikin wannan lokaci mai zafin hanci yana iya kai rakun biyu ko uku bishiya, ya tara 450 ko fiye. Daɗin daɗawa, tsohon sawu ya fi yiwuwa ya ɓace ko ya ƙare a kogo, watau wahalar ta fi yawa, ladan kuma ba tabbas.

Wani dalilin kuma daga dajin ya fito. A shekarun 1930 rakun ta yi ƙaranci, amma daga shekarun 1940 ta shiga yaɗuwa, har masana suka ƙiyasta cewa yawanta a ƙarshen shekarun 1980 ya ninka na da sau 15 zuwa 20. Inda dabba ta yi ƙaranci, tsohon sawu dukiya ne. Inda ta yi yawa, sabon sawu yana gaba kaɗan, tsayawa a kan tsoho kuwa ɓata lokaci ne. Da haka Treeing Walker ya mamaye manyan gasanni. Tun da yake kuma zakaran gasa shi ake kai wa karya barbara, musamman bayan da ƙungiyoyi irin su Professional Kennel Club suka shigo da kyautar kuɗi, sai halayensa suka bazu, har masu sauran ire-iren suka shiga neman sauri a cikin nasu karnukan.

Na'ura ma ta taka rawa. An fara da ƙulla wa kare abin wuya mai aika saƙon rediyo, sa'an nan a 2007 kamfanin Garmin ya fito da Astro, wanda ke nuna inda kare yake a kan taswira ta hanyar tauraron ɗan Adam. Wannan ya rage ɓatan karnuka ƙwarai, amma ya sa ana iya jure wa karen da ke yin nisa shi kaɗai, ya kuma rage dogaron mafarauci ga kunnensa.

Ba daidai ba ne a ce hancin karen gasa ya lalace. Bin sabon sawu a guje ba tare da kuskure ba, da tantance bishiyar gaskiya daga wadda aka taɓa aka wuce, gwaninta ce babba, kuma gasa ta inganta ta. Abin da ya ragu shi ne haƙurin zama a kan sawu mai wuya, domin takardar maki ba ta da gurbin da za a rubuta shi.

7.0 Kammalawa

An ga yadda bukatar nama da fata ta haifar da kare mai tsayawa a bishiya, da yadda rajista ta rarraba shi iri-iri, da kuma yadda gasa, da yawaitar rakun, da kuɗi suka fifita zafin hanci a kan sanyinsa. Mutanen da abin ya shafa ba su manta da tsohon ma'auni ba. A gundumar Colbert ta Jihar Alabama akwai maƙabartar karnukan rakun, wadda ta faro a 1937 sa'ad da Key Underwood ya binne karensa Troop, kare ne kuwa da ake tunawa da shi saboda sanyin hancinsa. Jihar Karolina ta Arewa ta ɗauki Plott a matsayin karen jiha a 1989, Tenesi kuma ta ɗauki Bluetick a 2019.

Darasin da mai nazarin al'adu zai ɗauka shi ne, duk sa'ad da aka mai da wata sana'a gasa, wajibi ne a binciki abin da alƙali yake ƙirgawa da abin da ya bari. Abin da ake ba wa maki shi ne zai yaɗu a zuriya mai zuwa, wanda aka bari kuwa sai an sami masu riƙe shi da gangan, kamar yadda masu Bluetick suka yi a 1946.