Waƙoƙin Tuna Mutuwa da Natsuwar Zuciya a Daular Sakkwato

Tun kafin hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804, malaman jama'arsa sun riƙi waƙa hanyar isar da wa'azi ga waɗanda ba su jin Larabci, kuma cikin jigogin da suka fi yawaita akwai tuna mutuwa, wato tunatar da mai sauraro magagin fitar rai, kwanciyar kabari, tambayar Munkar da Nakir, da tsayuwar hisabi. Tushen wannan koyarwa yana cikin littattafan sufaye, musamman Ihya'u na Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, inda aka nuna cewa haufu, wato tsoron Allah, ba ya gyara zuciya sai an gwama shi da raja'u, wato sa rai ga rahamarsa, domin tsoro tsantsa yakan kai bawa ga yanke ƙauna.

Yaƙe-yaƙen jihadi ne suka sa wannan ilimi ya zama buƙatar kowane gida, domin tun daga yaƙin Tsuntsuwa, inda mahaddata Alƙur'ani masu yawa suka yi shahada, matan takaba da marayu suka yawaita, ga kuma matan da aka kamo a yaƙi, waɗanda suka saba kai firgici da ƙuncin ransu wurin 'yan bori. Nana Asma'u (1793–1864), 'yar Shehu, ta fuskanci lamarin ta hanyar 'Yan Taru, ƙungiyar matan karkara da ke zuwa ɗaukar karatu a ƙarƙashin jaji, dattijuwar da ake ɗora wa malafa da jan ƙyalle alamar shugabanci, su haddace waƙoƙi su koma ƙauyukansu su koyar. A waƙarta Godaben Gaskiya ta siffanta azabar wuta ba tare da sassautawa ba, amma ta jera ta da ni'imar aljanna da hanyar tuba, sannan a littafinta Tabshirul Ikhwan na 1839 ta tattara falalar surori ga mai ciwo da mai damuwa.

Marsiyyoyinta, kamar wadda ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, sun nuna cewa malaman nan ba su ɗauki baƙin ciki rashin imani ba, domin takan bayyana zafin rashi a fili kafin ta miƙa lamari ga Allah. Manufarsu ita ce mumini ya ji tsoron mutuwa gwargwadon da zai gyara aikinsa, ya kuma amince da rahamar Ubangiji gwargwadon da zai iya ci gaba da rayuwa cikin natsuwa.